Kar ki biya kuɗin kwas ɗin nan tukuna, ƙanwata

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Dan Allah kar ki biya kuɗin nan tukuna. Kin ce kina aikin hom-kiya, wato kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, kin gaji, kina so ki koma tek, wato mai taimaka wa nas da likita, a sashen imajensi na asibiti, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin wata makarantar kuɗi da ta ce cikin sati 8 za ta ba ki satifiket har ta samo miki aiki, da kwaminiti kwaleji da aka ce sai kin jira zango mai zuwa. Wallahi ina karantawa gabana yana faɗuwa, dan irin romon bakan da aka yi miki shi aka yi mini, har da zancen "za mu samo miki aiki" ɗin, kamar baki ɗaya ke faɗa musu.

Abin da ba za su taɓa gaya miki ba shi ne, a nan Amurka babu wata takarda guda da gwamnati ke bayarwa mai suna lasin tek na imajensi. Babu ita. Tek sunan aiki ne da asibiti ke sa wa ma'aikaci, kuma kowane asibiti da abin da yake nema. Wasu EMT suke so, wato shaidar masu aikin motar asibiti. Wasu kuma, musamman nan wajenmu Niyok, CNA suke tambaya, wato shaidar mataimakiyar nas, haɗe da ɗibar jini da EKG, gwajin bugun zuciya, su kira ki PCT ko PCA, wato mai kula da majiyyata. Duk kuma sai kin zo da katin BLS, shaidar kin koyi danna ƙirji dan ceton wanda zuciyarsa ta tsaya. To duk makarantar da ta ce miki ga satifiket ɗin imajensi na musamman, ki tambaye ta hukumar da ta san da shi, kuma wace jarabawa zai ba ki damar zaunawa. In aka fara kame-kame ki ɗauki jakarki.

Ni mutumin da ya karɓe ni a tawa makarantar ɗan Afirka ne, shi ya sa abin har yau yake ci mini rai. Yana ganina da hijabi ya miƙe ya yi mini sallama, ya ja mini kujera, 'yar'uwa kaza 'yar'uwa kaza, ya ce shi ma haka ya zo ƙasar nan ba shi da kowa, ba zai bari a cuce ni ba. Na tambaye shi ƙarara, a wane asibiti za mu yi kilinikal, wato koyon aiki a jikin majiyyata na gaske? Ya ce suna da yarjejeniya da manyan asibitoci, sai dai in zaɓa. Na ce takardar nan asibiti suna karɓa? Ya dafa ƙirji ya ce ɗalibansu ma rububinsu ake. Kuɗin adashina ne gaba ɗaya, kwasar da na daɗe ina jira, wadda na yi niyyar turawa gida a gyara wa Inna rufin ɗaki kafin damina, na ce mata ta ƙara haƙuri in na fara sabon aiki zan yi mata wanda ya fi. Na ƙirga na ba shi. Muka yi ta zama a wani ɗaki a saman shago ana kunna mana bidiyo, hannun roba guda ɗaya tal muke layi a kai muna caka masa allura har fatar ta yage, na'urar EKG ɗin kuwa ko kunnuwa ba ta yi, malamar sai dai ta nuna mana da yatsa ta ce a nan ake mannawa. Kilinikal kullum sati mai zuwa. Har aka ba mu takarda mai zanen zinare a gefe ban taɓa jikin majiyyaci ko ɗaya ba.

Ranar da ta fi yi mini ciwo ita ce ranar intabiyu. Na guga kayana tun dare, na sa takardar a leda dan kar ta lanƙwashe, na bar yara wajen maƙwabciya. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ba ta wulaƙanta ni ba, gara ma a ce ta yi da na samu wanda zan ji haushi a wurin. Ta karɓa ta duba gaba ta juya baya, ta shiga kwamfuta ta ɗan daddanna, sai ta ce sunana ba ya cikin rajistar CNA ta jiha. Na ce ai ga satifiket. Ta ce wannan shaidar halartar aji ce kawai. Ta tambaye ni mutum nawa na ɗiba wa jini, mutum mai rai. Na yi shiru. Ta turo mini takardar a hankali kan tebur da yatsu biyu, ta ce in na samu abin da ake buƙata in dawo. Ban san yadda na sauka daga benen nan ba, a tashar jirgin ƙasa na zauna jirgi yana zuwa yana wucewa ina ta kuka, ga Inna ta kira tana tambaya yaya aka yi, na ce mata sun ce za su neme ni. Da na koma wajen mutumin nan, wanda ke ce mini 'yar'uwa, ko kujera bai nuna mini ba, ya zaro takardar da na sa wa hannu ya ja layi ƙarƙashin wani ɗan mitsitsin rubutu da ke cewa makaranta ba ta lamunce wa kowa aiki ba. Na ce amma da bakinka ka faɗa. Ya ce shi bai tuna ba. Daga baya ko wayata ba ya ɗauka. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata amma shi na bar shi da Allah, dan ba ni kaɗai ba ce, ajinmu cike yake da mata irina, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Gambiya, kowa da guminta ta zo. Ashe ma a Niyok akwai ofis a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, BPSS, da ke ba irin waɗannan makarantu lasi kuma yana karɓar ƙorafi, duk wadda aka yi wa irin wannan ta kai ƙara, kar ta ce kunya.

To kwaleji fa. Eh akwai jira, akwai cike-ciken takardu masu sa ciwon kai, babu kuma mai miƙewa ya ja miki kujera, amma abin da suka ce za su koyar shi suke koyarwa, kuma ƙarshensa jarabawar da jiha ta sani ce. Kwas ɗin EMT yawanci zango ɗaya ne, awa 150 zuwa sama, da aji da gwaji da hannu da bin motar asibiti ko zama a imajensi. Yawancin jihohi jarabawar EMT ta ƙasa mai suna NREMT ake yi a kwamfuta, tambaya 70 zuwa 120, tana ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon yadda kike amsawa, kar ki firgita in ta tsaya da wuri. Niyok tana da tata jarabawar ta jiha. CNA kuma dokar tarayya ta ce aƙalla awa 75, jihohi da yawa sun ɗora a kai. Nan cikin kwalejojin CUNY, wato jami'ar birnin Niyok, LaGuardia da Kingsborough da BMCC an san su da ɓangaren EMT da faramedik, matakin da ke gaba da EMT, Hostos da ke Bronx kuma suna yin CNA da PCT. Ba ki faɗi jihar da kike ba shi ya sa nake ta kawo namu. Kafin ki zaɓa ki buɗe shafin neman ma'aikata na asibitocin da ke kusa da ke, ki karanta abin da suka rubuta suna nema, shi za ki bi, ba abin da mai talla ya ce ba.

Ɗibar jini kuma ki kula. Hukumar NHA, mai ba da shaidar ɗibar jini da EKG, kafin ki zauna jarabawarta sai kin ɗibi jini ta jijiya sau 30 da na ɗan yatsa sau 10 a jikin mutane masu rai, EKG kuma 10. Kinga ke nan hannun roba ba zai kai ki ko'ina ba. Katin BLS ma kar ki sayi na onlayin zalla, asibitoci na American Heart Association suka fi nema, wanda za ki je ki danna ƙirjin mutum-mutumi a gaban malami, shekara 2 yake yi a sabunta.

Maganar kuɗi, nasan ita ce ke tura mu wajen masu sati 8 ɗin, ana ganin za a fara samu da wuri. Ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, in kina da girin kad, amma ki tambaya ko kwas ɗin mai kiredit ne, wato wanda ake ƙirgawa cikin digiri, dan gajerun kwasa-kwasan da ba su da kiredit sau da yawa tallafin gwamnati na Pell ba ya biya musu. Akwai kuɗin WIOA, tallafin gwamnati na koyon sana'a, ta ofishin neman aiki na American Job Center, nan birni Workforce1 ake ce musu. Kuma tunda hom-kiya kike, duba ko kina cikin ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta 1199, suna da asusun horar da mambobi, mata da yawa ana cire musu kuɗin ƙungiya duk wata ba su san suna da haƙƙi a ciki ba, abin yana ba ni takaici.

Af, kafin in manta, gwajin tarin fuka. Mu da aka haifa a gida kusan duk an yi mana allurar BCG muna jarirai, tabon nan na dantse, to gwajin fata zai iya kumbura alhali lafiyarki ƙalau. Ki ce a yi miki na jini tun farko. Wata a ajinmu na kwaleji saura kaɗan ta rasa gurbin kilinikal kan wannan, sai da aka yi mata hoton ƙirji. Ki fara allurar ciwon hanta ta hepatitis B da wuri ita ma, dan ba rana ɗaya ake gamawa ba, in babu katin rigakafinki na gida za su ɗibi jini su duba.

Hijabi da kika tambaya, ni da shi nake aiki. Ƙarami mai shiga wuyan riga, ba mai fil ba, ba mai lilo ba, saboda majiyyacin da ba ya cikin hayyacinsa abin da hannunsa ya kama shi zai ja. Riga mai dogon hannu a ƙarƙashin yunifom. Dokar hana wariya ta 1964 ta hana a ƙi ki dan addininki, amma ki sani babu zancen ni mata kawai nake taɓawa a imajensi, wanda aka turo shi ne naki. Sallah kuma ki shirya da nas ɗin da ke riƙe da shif tun da wuri, minti 5 ne, in kina da kirki da abokan aiki za su tsare miki.

Aikin kansa ba zan ɓoye miki ba, ya fi hom-kiya gudu nesa ba kusa ba. Awa 12 a tsaye, 7 zuwa 7. Mai ciwon ƙirji yana shigowa cikin minti 10 ake so an yi masa EKG, ke ce za ki ruga da na'urar ki manna maƙalai 10, 6 a ƙirji 4 a hannuwa da ƙafafu, wani ƙirjin gumi ya jiƙa shi manni ba ya kamawa sai kin goge, wani sai an aske. In zuciya ta tsaya ke ce a layin masu dannawa, sau 100 zuwa 120 a minti, duk minti 2 a canza hannu, kuma za ki ji haƙarƙari yana ƙara a ƙarƙashin tafinki, ba a tsayawa. In rai ya yi halinsa ke da nas za ku goge shi ku rufe kafin a shigo da iyali, ki wanke hannu ki wuce ɗaki na gaba wani yana neman bargo. Za a zage ki, mai maye zai tofa miki yawu, kuma dokar EMTALA ta 1986 ta ce duk wanda ya zo imajensi sai an duba shi ko yana da inshora ko babu, dan haka ƙofar ba ta rufuwa. Amma shekarun da kika yi kina juya tsofaffi kina yi musu wanka ba asara ba ne, ki rubuta su a takardar neman aiki, yaran da suka fito daga aji kai tsaye ba su iya ɗaga mutum ba tare da sun ji masa ciwo ba, ke kin iya. Kuma daga nan ƙofar karatun nas a buɗe take, asibitoci da yawa suna taimakawa da kuɗin makaranta.

Sai abu ɗaya da ya shafe mu mu kaɗai. Wata rana za a turo wani namu, wanda kuke haɗuwa a masallaci ko wajen suna, kuma kafin ki tashi aiki waya za ta fara shigowa, an ce an kawo Alhaji wane wajenku, me ya same shi? Ko mijinki ne ya tambaya ba ki sani ba. Ko buɗe fayil ɗin wanda ba a ba ki ba ne kwamfuta tana rubuta sunanki, dokar HIPAA mai kare sirrin majiyyaci ba ta san zumunci ba, a kan haka ake korar mutum rana ɗaya. Akwai wadda har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau saboda na ƙi gaya mata abin da ya kawo kishiyar yayarta.

Ki rubuto jihar da kike a nan ƙasa, da sunan takardar da makarantar ta ce za ta ba ki, harafi da harafi yadda suka rubuta. Akwai masu aikin asibiti da yawa a gidan nan daga jihohi daban-daban, in ba ni ba wata za ta duba miki kafin ranar da suka ce ki kawo kuɗin.