Gidan Bakwa: ginin da muke gani a fada tun na zamanin Amina ne?

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Malam barka da aiki, na je kallon hawan sallah a fadar Sarkin Zazzau naji ana ce mata Gidan Bakwa, shin wannan ginin ne tun na lokacin Sarauniya Amina? Kuma ya akayi ginin ƙasa ba rodi ba siminti yake daɗewa haka?

Toh ƙanena, sunan dai tsoho ne, daga Bakwa Turunku ya samo asali, wato mai mulkin Zazzau a lokacin da aka dawo da gari nan Zariya wajen 1536, kuma Amina da 'yar uwarta Zariya 'ya'yan Bakwa ne. Amma bangon da ka ɗauki hoto a gabansa, mai fenti kala-kala ɗinnan da zanen dagi, aikin baya-bayan nan ne. Gidan sarauta ba'a gama gina shi, wanda ya hau zai gyara nan ya ƙara can, tun Haɓe har zuwa gidajen sarautar Fulani na Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Ni abinda yake bani haushi shine kowa ƙofa yake kallo, alhali gwanintar tana sama. In ka samu shiga tsohon soro, a fada ne ko a cikin birni, ɗaga kanka ka kalli rufi. Bangon tubali ne, ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa a mulmula kamar ƙwai a shanya a rana, a jera su kan tsini sama, gindin bangon da kauri yana tafiya yana sirancewa. Sirrin kuma azara ce, itacen giginya da ake tsagawa, gara bata cika cinta ba. Matsalarta ɗaya, in ta wuce kamar mita 2 ba abinda ya tokare ta sai ta lanƙwasa da nauyin ƙasa, toh shine magina suke dasa ta cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan leƙo gaban ta ƙasanta, a ɗaure da igiya a yaɓe, na wannan bangon dana wancan su haɗu a tsakiya, shine bakan gizo. In bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufin sai ace ɗaurin guga, ka tuna yadda igiya take rungume gugan rijiya, haka yake sak. Ba ginshiƙi a tsakiya amma ɗakin zai ci jama'a, ga sanyi ko a watan Afrilu.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙarshe shine Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a dake gaban fada zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, har Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi akwai aikinsa.

Maganar daɗewa kuwa, ginin ƙasa ruwa ne ajalinsa. Da kafin damina ake sabon yaɓe, a shafe da makuba (ruwan ɓawon ɗorawa) ko laso (simintin gargajiya), a duba indararo kar ya toshe. Yanzu sai a lafta mishi siminti a manta dashi, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, azara tana ruɓewa a ciki ba wanda ya sani. Kaga dai yadda wani sashe na masallacin Juma'ar nan ya rufta ana sallar la'asar a watan Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.