Jijiya ta ɓuya, sai ka tsaya kallo?

Ka ce idan yaro yana jijjiga, ka nemi jijiya ka rasa, ta ina za ka ba shi magani. Kai yaro, wata nawa kana bin motar ɗaukar marasa lafiyar nan? Ta dubura mana. Diazepam ɗin da ke cikin akwatinka, mai 10 mg a 2 ml, ka zuƙa, ka cire allurar, ka tura sirinjin kamar santimita 4, ka matsa, sannan ka haɗe ɗuwawun ka riƙe. Rabin miligiram ne a kowane kilo, yaro mai kilo 10 ke nan 1 ml. Kada ka soka shi a tsoka, sai ya ga dama yake shiga jini.

Tambayar nan ma ta tayar min da tsohon miki. Wata damina, cikin dare, aka kira ni wani ƙauye. Ɗan wani mai sayen hatsi ne, bai fi shekara 2 ba, jiki zau kamar garwashi, ido ya kafe. Na tarar an cusa masa cokali a baki har dasashi ya fashe. Yaron da ke bi na a lokacin, irinku ne masu ilimin waya, ya soki hannu, ya soki ƙafa, sau huɗu, wai sai ya sa kanula, 'yar robar da ake sawa a jijiya. Ina haska masa tocila ina ƙuna. Na ture shi, na kwantar da ɗan ta gefe, na yi abin da na gaya maka. Kafin mu hau kwalta jiki ya saki. A hanyar nan motata ta faɗa rami, sifirin ya karye, da kuɗina na gyara.

Bayan kwana uku na je karɓar haƙƙina. Alhajin nan, uban yaron, yana zaune kan buhunan masara, ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba ka yi masa allura ba, ba ka sa masa ruwa ba. Abin da aka zura ta baya shi ne aiki?" Ya miƙo abin da ko mai bai saya ba. Ɗan yana wasa a gabansa fa! Na bar masa kuɗinsa a kan buhun. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Mutanenmu sun ɗauka magani sai an ga tsini, ku ma kun biye musu. Wanda allura ko abinci ya tayar wa, fuska ta kumbura, numfashi na sarƙewa, adrenaline 0.5 ml mai ƙarfin 1:1000 (1 mg a kowane ml) ake soka wa babba a gefen cinya, ba a jijiya ba. Tura wannan a jijiya ka ga yadda zuciya ke hauka. Shi kansa diazepam, in ka samu jijiyar ka banka shi da sauri, numfashi zai iya tsayawa, don haka jakar hura iska tana gefenka. Wanda ya suma kuwa ko ruwan sukari ba a ɗura masa, huhu zai tafi.

Wanke hannu da duba ranar lalacewar magani, in sai na faɗa maka, koma kasuwa. Tashi ka ƙirga min sirinjin da suka rage.