An riƙe min cikon kuɗi saboda warin sabon kafet

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata sayar da kafet da shimfiɗa shi a nan Kano. Makon jiya muka yi wa wani ofis aiki a Zoo Road, muka gama ranar Lahadi, Litinin ma'aikata suka shiga. Yanzu manajan ya riƙe min cikon kuɗina, wai wari ya hana su zama, wasu na kukan ciwon kai da yajin ido. Na tura yaro ya turara musu turaren wuta, abin sai ya ƙara muni. In ɗaye kafet ɗin ne, ko in tsaya a kan kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ɗaye, kada kuma ka je da faɗa, domin manajan nan ba sharri ya yi maka ba. Robar da ake manne zaren kafet da ita ta baya tana fitar da wani sinadari mai suna 4-PCH, shi ne warin da ka saba ji in an kwance sabon bandir. Sau da yawa ma gam ya fi kafet ɗin laifi, musamman irin mai warin fetur ɗin nan da yara ke son aiki da shi don yana saurin kamawa. Ga zafin Kano yana ƙara tayar da warin, ga tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki ta jikin bango kuwa iskar cikin ɗakin kawai take juyawa, ba ta shigo da sabuwa. Ko a Amurka, a 1988, ma'aikatan hukumar kare muhalli ta ƙasar sun yi irin wannan kuka a hedikwatarsu da ke Washington bayan an shimfiɗa musu sabon kafet.

Kuskurenka ɗaya ne: ka miƙa mukulli ba tare da ɗakin ya sha iska ba. Mafi yawan warin yana fita ne cikin awa 48 zuwa 72 na farko, in har iska na ratsawa.

Je ka wurin manajan da kanka, ba yaro ba. Ka roƙi a bar maka ofishin daga sakkowa masallacin Juma'a zuwa safiyar Litinin. A kashe na'urar sanyi, a buɗe tagogi ta ɓangarori biyu, a kafa manyan fankoki suna fuskantar waje, su riƙa fitar da iskar dare da rana. Man janareta da ɗan ihsanin maigadi ka ɗauke su a kanka. Ba su kai ko kusa da asarar ɗaye kafet da aka riga aka yanka ba, wanda babu mai sake saye da daraja. Daren Lahadi a bi shi da injin zuƙar ƙura. Turaren wuta kuwa a bar wa amare abinsu, kafet shan hayaƙi yake yi, ka ga wari ya zama biyu.

Batun kuɗi, ka nemi rabin cikon yanzu, sauran bayan mako guda, a rubuta a sa hannu. In mako biyu suka wuce wani ɗaki bai daina ba, ɗaga kusurwa ka duba. Wataƙila an lafta gam ya ƙi bushewa, ko a kan siminti mai danshi aka shimfiɗa kafet ɗin. Wannan ɗakin kaɗai za ka sake.

Nan gaba, ka riƙa baza kafet a sito kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, ka nemi gam mai haɗin ruwa ko da ya ɗan fi tsada, ka sa kuɗinsa a lissafi tun wurin ciniki. A takardar kwangila ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a shiga ba sai bayan kwana uku. In aikin ya faɗo a hunturu, ka ƙara kuɗin shara, don ƙurar da tagogi za su kwaso ba kaɗan ba ce.