Amsa kan sadakar bakwai da ta arba'in: a fara duba kuɗin wa za a taɓa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗan'uwa, in na fahimci tambayarka daidai, an riga an yi sadakar uku a gidanku da ke cikin birnin Katsina, yanzu kuma baffanninku sun ce a ɗebi kuɗi a shagon marigayi a shirya ta bakwai da ta arba'in. Ƙanenka ya ce bidi'a ce, ko zama ba zai yi ba. A cikin 'ya'yan kuma akwai ƙanana uku da ba su balaga ba. Kana son sanin wa ke da gaskiya tsakanin baffanni da ƙanenka.

Ita sadaka domin mamaci babu malamin da ya ce ba ta halatta ba, kuma ladanta yana isa gare shi. A Bukhari da Muslim, daga Nana A'isha, wani mutum ya ce wa Annabi (SAW) mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya, yana jin da ta samu damar magana da ta yi sadaka, shin tana da lada in ya yi mata? Ya ce masa e. Sa'adu bin Ubada ma da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. To in ƙanenka yana nufin sadakar kanta ce bidi'a, ya yi kuskure.

Inda maganar take shi ne ƙayyade mata rana da tara mata jama'a. Wannan shi ne irin abin da Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya kira bidi'a idafiyya a littafinsa Al-I'itisam: aiki ne mai asali a shari'a, sai a ɗora masa lokaci ko adadi ko siffar da shari'a ba ta ɗora masa ba, a kuma lizimce ta har wanda ya bari ya zama abin zargi. Annabi (SAW) ya rasa Nana Khadija, ya rasa 'ya'yansa mata uku, Ruƙayya da Zainab da Ummu Kulsum, ya rasa baffansa Hamza da ɗansa Ibrahim. Ba a ruwaito ya ware ranar bakwai ko ta arba'in ga ko ɗaya ba, sahabbai ma ba su yi masa ba bayan wafatinsa. Kwana ukun da ya zo a hadisi iyaka ce ta nuna alhini: bai halatta mace ta yi zaman baƙin ciki ga mamaci fiye da kwana uku ba, sai ga mijinta, shi ne wata huɗu da kwana goma. Babu maganar girki ko taro a cikinsa.

Game da abinci kuwa, sunna ta zo ne da kishiyar abin da muka saba. Da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya iso daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) cewa ya yi a girka wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya same su. Wato maƙwabta da dangi ne za su dafa su kai gidan rasuwa. Shi ya sa Shaihu Halil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa shirya wa iyalan mamaci abinci a cikin mustahabbai, kusa da ta'aziyya. Jarir bin Abdullahi kuma ya ce su sahabbai suna ƙirga taruwa a gidan mamaci da girka abinci bayan binne shi a cikin kukan mutuwar da aka hana, kamar yadda Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito. Yau a gidajenmu matar da aka yi wa rashi ce ake tambaya ina makullin ɗakin hatsi, 'ya'yanta mata na bakin tanda tun asuba suna suyar waina idanunsu a kumbure. Wannan abu yana da ciwo ƙwarai.

Amma adalci shi ne a faɗi cewa baffanninku ba daga sama suka ɗauko abin ba. Izzuddin bin Abdissalam da almajirinsa Ƙarafi sun kasa bidi'a gida biyar, daga wajiba har zuwa haramtacciya, suna kafa hujja da irin maganar Sayyidina Umar a kan haɗa mutane sallar asham bayan limami ɗaya, inda ya ce madalla da wannan bidi'a. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a Ihya'us Sunna, in ya kawo abin da mutane suka ƙaga a wani babi, yakan bayyana matsayinsa, wannan haramtacce ne, wancan makaruhi, bai yi musu kuɗin goro ba. A kan wannan mas'ala kai tsaye, Nafarawi a Fawakihud Dawani, sharhin Risalar da ake karantawa a zaurukan Katsina, ya ce abincin da iyalan mamaci ke yi su tara jama'a, in domin karatun Alƙur'ani ne da makamancinsa da ake fatan alherinsa ga mamacin, babu laifi, in don wani abu daban ne makaruhi ne. Ke nan saɓani ne tsakanin malamai, ba abin da za a kafirta wani ko a yanke zumunci a kansa ba. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne barin ƙayyade ranakun, domin ibada ana tsayawa ne inda nassi ya tsaya, ga kuma yadda abin ya rikiɗe ya zama gasa da gudun kunya. Wanda ya bi ɗaya fatawar ba zan ce masa ɗan wuta ba.

To amma shi Nafarawin da ya sauƙaƙa, a wuri guda ya gindaya sharaɗi: bai kamata kowa ya ci abincin ba sai in wanda ya yi shi daga cikin magada baligi ne da ya san riƙon dukiyarsa, in kuma mamacin ne ya yi wasiyya da shi, to daga sulusinsa za a fitar. Nan ne gidanku ya shigo, kuma nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Ana ta musu a kan kalmar bidi'a, alhali abin da babu saɓani a kan haramcinsa yana cikin aljihun shagon.

Daga lokacin da ran mahaifinku ya fita, kuɗin shagon nan da kayan da ke kan kanta sun daina zama nasa. Abin da ake fara cirewa shi ne kuɗin likkafani da haƙa kabari da ɗaukar gawa, gwargwadon al'ada ba tare da almubazzaranci ba. Sai bashi, ko da zai cinye dukiyar duka. Sai wasiyya, ita ma kada ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yin ta ga magaji. Abin da ya saura na magada ne, kowa da rabonsa da Allah Ya yanka masa a Suratun Nisa'i. Sadakar bakwai ba ta cikin jerin nan ko kaɗan. Sannan su baffanni, tunda marigayi ya bar ɗa namiji, ba su da gado, ɗa yana shamakance 'yan'uwan mamaci. Suna da girma da haƙƙin a saurare su, amma ba su da ikon cewa a ɗebi ko sisi.

Ga misali da lissafi, domin a ga abin ƙuru-ƙuru. Mu ƙaddara bayan an biya bashi an samu naira 2,400,000, marigayi ya bar mata ɗaya, ku maza biyu, da ƙananan nan uku mu ce mata ne, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Matar tana da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira 300,000. Sauran 2,100,000 a kasa gida bakwai: kowane namiji 600,000, kowace mace 300,000. In aka fara zare naira 400,000 aka yi shinkafa da nama da hayar rumfa da kujeru da kuɗin malamai, rabon kowace yarinya ya koma 250,000. An ci wa marayu uku naira 150,000 ke nan, da sunan nema wa ubansu lada. Yardar yaro a kan dukiyarsa ba ta da amfani a shari'a, mahaifiyarsu ko waliyyinsu ma ba shi da ikon yin kyauta da ita. Allah Ya ce a aya ta 10 ta Suratun Nisa'i masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shi cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. A nan ɗan Izala da ɗan ɗariƙa duk bakinsu ɗaya.

In sadakar ukun da aka riga aka yi ma daga shagon aka ɗiba, a rubuta adadin yanzu tun ba a manta ba. Ranar rabon gado sai a ɗora shi a kan rabon manyan da suka yarda da kashewar, a cika wa yaran nasu.

Abin da ya fi gaggawa a kwanakin nan shi ne bashi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, kuma akwai gawar da Annabi (SAW) ya ƙi yi wa salla saboda 'yan dinare, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Sanarwar da ake yi a wurin jana'iza cewa mai bin bashi ya zo ba ta isa ba, saboda mutane da yawa kunya ke hana su. Ku rufe shagon ko ku sa amintacce, ku ƙirga kaya a gaban shaidu biyu, ku buɗe littafin bashi. Ku bi dilolin da yake sarin kaya a wurinsu, ku tambayi abokan zamansa a kasuwa. Abubuwan da aka fi mantawa su ne zubin adashin da ya riga ya kwasa, ragowar sadakin matarsa in akwai, gonar da ke hannunsa ta jingina, da ajiyar mutane da ke cikin shagon wadda ba tasa ba ce. Bayan haka kada a ja rabon gado. A kai wa malamin da ya san ilimin gado ko kotun shari'a, a rubuta, a damƙa rabon yaran ga wanda zai tsare shi. Yawancin rigimar gado daga jinkiri take farawa, shago na tafiya shekara biyu ba a san ribar wa ake ci ba.

Saukar Alƙur'ani kuwa, Imamu Malik bai ga karatu ga mamaci a matsayin aikin magabata ba, Halil ma ya sa shi a cikin makaruhai, amma da yawa daga malaman Malikiyya na baya sun ce babu laifi mutum ya karanta ya ba mamaci ladan. Inda ake ɓata abin shi ne a raba izu sittin ga mutum talatin ana sauri don a tashi, wani yana tsallake shafi, wani idonsa na kan ambulan ɗin da za a raba. In kai da ƙanenka za ku karanta da kanku ku yi masa addu'a, wannan ya fi kusa da hadisin Muslim, wanda ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

Baƙin da suka taso daga nesa, daga Daura ko Funtuwa ko Maraɗi, dole a ciyar da su. Wannan liyafar baƙo ce, malamai irin su Ibn Ƙudama sun halatta ta saboda buƙata. Maƙwabta su ɗauki nauyi, ko wani babba ya yi daga aljihunsa.

Yadda za ka tunkari baffanninku yana da muhimmanci. Kada ka shiga da kalmar bidi'a, da ita za a rufe ƙofar magana. Ka je wurin babbansu kai kaɗai, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: Baffa, muna son a yi wa Baba sadaka, amma an ce mana kuɗin shagon akwai haƙƙin yara a ciki, muna tsoron mu jawo masa nauyi a kabari. In da hali ka tafi da limamin unguwarku ko wani malamin da yake jin maganarsa. Dattijon da ya yi karatun Risala a zaure ba zai yi musun haƙƙin maraya ba. Sai ka kawo madadin: ku manya ku haɗa abin da za ku iya daga naku, a gyara rijiya ko famfon masallaci, ko a kai buhun gero gidan wasu mabuƙata a ɓoye, ko a biya wa ƙannenku kuɗin makaranta da niyyar ladan ya kai gare shi, a kowace rana ta samu.

In duk da haka suka ce sai sun taru ranar bakwai, kuma da kuɗinsu za su yi, ka faɗi fahimtarka sau ɗaya cikin ladabi ka bar su. Ƙanenka yana da damar ƙin zama wurin taron, amma ba shi da damar ƙin gaida baffanninsa ko ɗaga musu murya a gidan rasuwa. Ka tuna masa cewa a Sahihu Muslim, sada zumunci da masoyan uba bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya, balle 'yan'uwansa na jini. In kuwa daga shagon aka dage sai an ɗiba, to a nan kai ma kada ka sa hannu, kada ka ci, ka rubuta abin da aka ɗauka da ranar da aka ɗauka, ka ajiye har ranar rabo.

Wallahu a'alam.