Access kaɗai, ko rumbun bayanai daban fuska daban?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce shagon sarinku na Garwa yana da kwamfuta huɗu, kuna shirin buɗe reshe a Marwa, kana tambaya ko ka gina komai cikin Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft Office, ko ka zuba bayanan a PostgreSQL, rumbun da ke zama a saba (babbar kwamfutar da sauran ke shiga), ka yi musu fuska daban, wato fom da rasit ɗin da ma'aikaci ke gani.

Da kwamfuta ɗaya ce, sai in ce riƙe Access, ko WinDev, kayan ƙera manhaja da masu manhajarmu suka saba da shi. Tebur da fom da rasit duk wuri guda, ba ka wahala.

Amma huɗu sun canza magana. Fayil ɗin Access ba shi da mai gadi: kowace kwamfuta da hannunta take shiga ta rubuta a ciki. In wuta ta ɗauke ko Wi-Fi ya katse ana tsakar shigar da buhun shinkafa hamsin, rubutun ya tsaya rabi, washegari fayil ya ƙi buɗuwa. Ga shi ba ya wuce 2 GB. Buɗe shi daga Marwa ta intanet kuwa, kada ma ka gwada. A PostgreSQL sabar ce kaɗai ke taɓa bayanan, kuma sai ta rubuta aikin a littafin ajiyarta kafin ta zartar. Cinikin da aka ɗaure a matsayin aiki ɗaya, ko ya shiga duka ko bai shiga ba sam. Wahalar PostgreSQL ita ce, in sabuwar fuska za ka gina, kowane fom da rasit sai ka ƙera da hannu, kuma dole a samu mai kula da sabar.

Shawarata, raba bayanan da fuskar ba tare da ka yar da Access ba. Teburori su koma PostgreSQL a kwamfuta ɗaya mai batir da kebul, kowane ma'aikaci da kwafin fom ɗinsa na Access, a haɗa su ta ODBC, gadar da Access ke bi ya kai ga PostgreSQL.

Nan ake tuntuɓe. Direban ODBC dole ya dace da Office ɗinka, 32-bit da 32-bit, 64-bit da 64-bit, ba da Windows ba. Teburin da ba shi da maɓalli na farko (primary key, gurbin da ke bambanta kowane layi), Access zai nuna shi amma ba zai bari a gyara ba. Gurbin e ko a'a kada ya zauna fanko, yana jawo saƙon karon rubutu, wai wani ya riga ka gyara layin. Kuɗi kuma, tunda sefa ce, ajiye su lamba cikakkiya.

Kwanan wata ne ya fi cin mutane a nan. Windows ɗinmu na Faransanci rana yake farawa da ita, amma SQL, harshen da Access ke tambayar bayanai da shi, wata yake sa wa gaba irin na Amurka, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris, bashin mutum ya canza rana ba ka sani ba. Rubuta shekara, wata, rana, ka huta.

Ƙofar 5432, wadda ake shiga PostgreSQL ta cikinta, kada ta fuskanci intanet. Marwa ta shigo ta VPN, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet. Kowane dare a yi pg_dump, wato a kwafe bayanan, zuwa faifai daban, kuma duk wata a gwada mayar da shi a wata kwamfuta.