Ƙasa ta burme a gonata: amsoshi ga masu noma a kan dutsen siminti

Wani ɗan kasuwar Dawanau ya tambaya: "Na kama hayar gona a wajen Ashaka, jihar Gombe. Bayan ruwan Agusta ƙasa ta burme a tsakiyar masara, rami kamar bakin rijiya. In cike shi da shara?"

Alhaji, kada ka kuskura. Mu a Kano dutsen da ke ƙarƙashinmu ruwa ba ya cinsa, ramukanmu kududdufai ne da mutane suka haƙa, shi ya sa abin ya zo maka baƙo. A Ashaka kuwa, da Kalambaina ta Sakkwato, akwai dutsen da ake yin siminti da shi. Ruwan sama na narkar da shi a hankali har ya yi kogo, in ƙasar da ke sama ta jiƙe sai ta rufta. Daka ɗan dutsen ka matsa masa lemon tsami. In ya yi kumfa, shi ne.

Duk abin da ya faɗa ramin nan, mushe ko jarkar maganin feshi, ruwa zai kai shi rijiyar mutane ba tare da ƙasa ta tace shi ba. Fara da shinge saboda yara da dabbobi. In ƙaramin rami ne kuma ya daina faɗaɗa, a kwashe ƙasar da ta zube, a jera manyan duwatsu a gindi, sai matsakaita, sai tsakuwa, sai yashi, a rufe da ƙasar noma. Haka ruwa zai wuce bai tafi da ƙasa ba. Daɓe bakin da siminti asarar kuɗi ce, ruwa zai bi gefe ya buɗe wani. Ka bar ciyawa aƙalla mita 15 kewaye da shi, ba huɗa, ba taki, ba feshi, tarakta ma kada ta matso. In ramin na ƙara girma, a nemo masanin ƙasa.

Ya kuma ce sabon ganyen masarar na yin rawaya, jijiyoyinsa na nan kore.

Wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, ƙasar da ke kan dutsen siminti tana riƙe shi, shuka ba ta samu. Ƙara takin zamani na yuriya ba zai gyara ba. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai yana taimakawa. Yuriyar ma raba ta biyu ka binne, in ka watsa a sama iska za ta kwashe ta.

Wata mai lambu daga Kurna ta tambaya ko za ta iya yin taki da kashin jemage na kogo.

Hajiya, taki ne mai kyau, amma ƙurarsa na jawo ciwon huhu. Mai ɗiba ya yayyafa ruwa, ya sa takunkumi, ya shiga da dare bayan jemagun sun fita. Kada a yi musu hayaƙi, su ke cinye ƙwarin gona.