Amsa: Gurnanin salansa a Mustang GT

Malam, ka ce tun da ka sa wa Mustang ɗinka sabuwar salansa, gurnani ke cika maka kunne a doguwar hanya. Matsalar tana wajen lokacin da inji ke juyi 2,000 a minti: a nan injin V8, mai silinda takwas, na bugawa kusan sau 133 a daƙiƙa, cikin motar kuma ya amsa kamar ganga. Galibi cire tukunyar tsakiya, wato mai rage ƙara a tsakiyar bututun salansa, ne ya jawo. Mayar da ita. In ba ka so, mai walda ya liƙa toshasshen bututu mai siffar J, kimanin inci 30, a jikin kowanne daga bututun salansa biyu, a riƙa rage tsawon har gurnanin ya kwanta. Bayan mako guda ka sake ɗaure notukan salansar, zafi na sassauta su.